Kafintocin da suka sake wa jirgina allunan jiki

Jirgina na ruwa ne, na katako, mai tafiya da iska, irin wanda ake jera allunansa baki da baki har jikin ya fito sumul. Tsofaffin ƙusoshin ƙarfe ne suka cuce shi. Haƙarƙarinsa, wato lanƙwasassun katakan ciki da ake kafa allunan a kansu, na wani itace ne mai ƙarfi da ake kira ok, shi kuwa ruwan wannan itace cin ƙarfe yake yi, sai ƙusa ta yi tsatsa, katakon da ke kewaye da ita ya yi baƙi ya ruɓe. Wata ƙaramar ma'aikatar gyaran jirage na kai shi, kuma na yaba da aikinsu ƙwarai.

Kafin a cire komai, babban kafintan ya bi jikin jirgin da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Allon da ke da lafiya bai taɓa shi ba, ko da yake da ya cire da kuɗinsa ya ƙaru. Kowane sabon allo sai da aka auno siffarsa daga gurbinsa da siririn katako, domin a jikin jirgi da wuya ka sami allo miƙaƙƙe. Wanda ke manne da ƙashin bayan jirgi, wato dogon katakon da ke can ƙasansa daga goshi zuwa baya, ya fi ba su wuya, saboda murɗewar da yake yi wajen goshi. A akwatin tururi suka dafa shi, kimanin awa 1 ga kowane inci na kauri, suka ɗaure shi a wurinsa tun da zafinsa. Ƙusoshin jan ƙarfe suka sa, suka kuma rarraba mahaɗar allunan don kada biyu su faɗo kusa da juna.

Inda suka fi burge ni shi ne toshiya, wato cusa auduga tsakanin alluna don hana ruwa shiga. Sun fere bakin kowane allo yadda ciki zai haɗe tsam, waje ya ɗan buɗe don auduga ta sami wurin zama. Da na ga suna buga audugar a hankali, na tambaya ko za ta riƙe. Maigidan ya bayyana mini cewa busasshen katako kumbura yake idan ya sha ruwa, in aka danƙara masa auduga fiye da kima, yana iya fizge ƙusa ko ya karya haƙarƙari. Haka kuwa aka yi: da aka saukar da jirgin ya yi ta yoyo ana kwashewa, da allunan suka kumbura sai ya ɗauke.

Ƙorafina ɗaya ne, rashin cika alkawarin lokaci. Aikin ya wuce ranar da suka sa mini nesa ba kusa ba, kuma ba sa kira su faɗa, sai ka je da ƙafarka. Wanda zai kai musu jirgi ya kai da zarar ya fitar da shi daga ruwa, kuma a rubuta a takarda ko fentin cikin allunan yana cikin aikin, don ni sai da muka sake zama a kansa.