Cefanen mai ciki: gwangwanin madara ko tiyar wake?

Maigida ya nufi kasuwar Dole da jikka uku a aljihu, uwargida na gida da cikin wata huɗu. A hanya ya leƙa farmasi, ya hango gwangwanin madarar masu ciki da hoton wata mata tana murmushi, ga kwalaben maganin ƙarin jini a jere. Zuciyarsa ta ce masa wannan shi ne gata. Ni kuwa cewa zan yi, Malam, riƙe kuɗinka tukuna mu auna kayan.

Abin da ya sa awon yake da muhimmanci shi ne, abincin da uwa ta ci ba ya ƙarewa ranar suna. A ƙasar Holan an yi wata yunwa mai tsanani daga ƙarshen 1944 zuwa 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu. Yaran da ke cikin iyayensu a watannin nan, da suka manyanta aka tarar ciwon suga da ciwon zuciya sun fi yawa a cikinsu. A Ingila ma, wajen ƙarshen shekarun 1980, likita David Barker ya bi tsofaffin takardun haihuwa, ya ga waɗanda aka haifa da ƙaramin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya. Idan abinci ya gaza, jikin ɗan tayi yakan fifita ƙwaƙwalwa, ya tauye ƙoda da gaɓar da ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ya kuma koyi tsimi. Ranar da wadata ta zo, jikin da ya saba da tsimi sai ya kasa ɗauka. Shi ya sa ungozoma ke damuwa in jariri bai kai kilo 2.5 ba.

To, mu fara da abin da ya fi kowane araha: ƙwayar ƙarin jini da ake rubutawa a wurin awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta sha ƙarfen jini miligiram 30 zuwa 60 da folik asid (wani nau'in bitamin) mikrogiram 400 kullum. Ƙwayar nan ke nan. Yawancin kwalaben ruwa masu zaƙi abu guda suke ɗauke da shi, wani lokaci ma ƙasa da haka, kuɗin kuwa ninki. Kwalba tana da amfani ga wadda ƙwaya ke tayar wa da zuciya, amma a gwada sha da dare bayan tuwo kafin a canza. Baƙin bayan gida da ƙwayar ke sawa ba cuta ba ne. Folik asid kuma aikinsa mafi girma a kwana 28 na farko yake, lokacin da lakar baya da ƙwaƙwalwa ke haɗuwa, sau da yawa kafin matar ta san ta ɗauka. Amarya da mai shirin sake haihuwa su ne ya kamata su fara. Maganin bakin hanya da ya sha rana a kan tire, a bar shi.

Madarar gwangwani ba guba ba ce. Akwai furotin da kalsiyam da bitamin a ciki, mai hali ya saya. Laifinta biyu: kwana kaɗan take yi ta ƙare, kuma wasu an cika musu sukari, sai a duba bayan gwangwanin. Kuɗin guda ɗaya zai kawo wake da ƙwai da ganye da za su daɗe fiye da ita. Nonon da ake dama fura da shi yana yin rabin aikinta, muddin an tafasa madarar kafin ta kwana, don ɗanya tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke ɓarar da ciki.

A ɓangaren gina jiki, wake ne jagora a wurina. Yana da furotin, da ƙarfen jini, da folik na asali, kuma idan ya haɗu da gero ko shinkafa kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa. Awara ma haka, in man suyar bai tsufa ba. Ƙwai ɗaya dafaffe a rana ya fi tsiren da ake kawowa sau ɗaya a sati, maigida ya cinye rabi a hanya. Nama da kifi sun fi wake ta wajen guda: ƙarfen jinin da ke cikinsu ya fi saurin shiga jiki, don haka ko ɗan busasshen kifi a daka a miya riba ne. Soyayyiyar fara ma furotin ce sosai, sai dai a san ba daga gonar da aka yi wa feshi ta fito ba. Hanta kuwa a yi hattara. Tana ƙara jini, amma bitamin A ya yi mata yawa, yawansa kuma yana iya illata halittar ɗan tayi a watannin farko. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli a zaɓi masu tsabta, wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci tana iya ɗauke da dafin da wuta ba ta kashewa.

Zogale, rama, yakuwa, kuka: duk wanda ya samu. Dabarar ita ce a matsa lemun tsami ko a yanka tumatir a kwaɗon, saboda bitamin C yana taimaka wa ƙarfen da ke cikin ganye da wake ya shiga jini. Shayi akasin haka yake yi. Gidan da ba a sauke buta, a bar awa ɗaya ko biyu tsakanin shayi da abinci ko ƙwayar jini.

Gishiri abu ne da ba a yi masa dogon tunani, alhali nan ne ƙwaƙwalwar yaro take. Na leda mai aidin, sinadarin da ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke buƙata don ta girma, a saya, a rufe shi a gwangwani nesa da rana da danshi. Man girki da fulawa kuma a nemi masu tambarin da ke nuna an ƙara musu bitamin.

Akwai masu cewa a rage wa mai ciki abinci kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Wake da ƙwai ba su ne abin tsoro ba. Abin da ya fi kumbura jariri ya wuce kilo 4 shi ne sugan da ya hau a jinin uwa ba a kula ba, irin wannan yaron kuma yana cikin haɗarin ƙiba da ciwon suga in ya girma. Saboda haka lemun kwalba da ake kai wa mai ciki da sunan dubiya, gara a musanya shi da goba ko mangwaro, a kuma nemi a gwada mata suga a wurin awo.

Wanda ya lissafa ya ga cikin zai tsufa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma farashi ya hau, ya sayi wakensa tun da kaka ya toshe a jarka mai murfi, ya sa a shanya zogale a inuwa a daka a ajiye.