Mai waldar da ya ƙi huda min fayif

Jama'a masu tambayata wa ya yi mana ƙafar tankin gona, to ga yadda muka yi da mutumin, har da inda ya ɓata min rai.

Gonar tana can bayan Ringim, babu wutar NEPA, sola ce ke jan ruwan bohol, tankin kuma lita 2000 ne, wato in ya cika tan 2 kenan na ruwa zalla a sama banda nauyin ƙarfen. Ni so nake a yi walda kawai a wuce wajen, amma shi dattijon, shagonsa na bakin titi a cikin gari, ya ce a'a Alhaji, ƙafa mai tsayin nan ba za ta hau a-kori-kura a haɗe ba, kuma a ɗauki janareta zuwa jeji a hau sama ana walda iska na kaɗawa, aikin kirki ba zai fito ba, gara a yi ta gunduwa-gunduwa a shago in an je can a ɗaure da bol da noti.

Na ce to Baba ai da sauƙi, a huda fayif ɗin a zura bol ya fita ta ɗaya gefen shikenan. Dariya kawai ya yi, ya sa yaronsa ya ɗauko wani guntun fayif ya huda ya zura bol, ya miƙo min sifana ya ce bismillah ɗaure. Wallahi ina ɗaurewa noti yana ta tafiya ya ƙi tsayawa, ina dubawa ashe fayif ɗin ne ke lotsewa, bakinsa da yake zagaye ya koma kamar ƙwai. Ya ce ka gani ko, cikinsa fanko ne babu abin da zai tokare, kullum notin zai dinga saki, sannan ruwan sama ya bi ta hudar ya kwanta a ciki, kai kana ta shafa fenti a waje tsatsa na cin abinta ta ciki.

Abin da ya yi, kowane fayif ya liƙa masa farantin ƙarfe mai kauri a baki da walda, ya toshe bakin gaba ɗaya, sai faranti ya hau kan faranti bol huɗu su kama. Ƙarafan gicciye kuma ya yi musu ƴan kunnuwa a jikin ƙafar, a nan suke ɗauruwa. Wajen tsani ne kaɗai ya huda fayif, shi ma sai da ya zura ƙaramin bututu a cikin hudar ya yi masa walda tukuna.

Maganar bol kam ya wahalar da ni, sau biyu ina zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, don na farkon da na sayo ya juya kansu ya ga 4.6, lambar da ke nuna ƙarfin bol kenan, ya ce mayar, M16 yake so, wato mai kaurin milimita 16, mai 8.8 a ka don ya fi ƙarfi. Huda kuma da dirili ya yi ta, milimita 18 daidai, ba irin masu ƙona ƙarfe da wutar walda su bar rami kamar ɓera ya ci ba, kuma bai yarda huda ta matso bakin faranti ba, sai ya bar kamar kaurin bol biyu, wai in ta matso ƙarfen yagewa yake.

Inda na ji haushi, sati biyu ya ce min, sai da aka haura sati biyar, ka kira waya ba ya ɗauka, ka je shago a ce ya tafi ɗaurin aure. Kuɗinsa ma ya fi na sauran da na tambaya nesa ba kusa ba, kuma ba ya ragi ko na sisi.

Amma ranar haɗawa kafin la'asar an gama, yara uku da sifana mai lamba 24 kawai. Iskar farkon daminar nan da ta kwashe kwanon rumfar maƙwabcinmu, tankin na cike ko motsi ƙafar ba ta yi ba. Ya ce bayan wata ɗaya in hau in bi notinan ɗaya bayan ɗaya, na hau jiya, guda biyu na samu sun ɗan saki a wajen gicciye na ƙara musu.