Taf, kwal ko busasshen itace: wanne za ka zuba a murhun ɗumama ɗaki a Ayalan?

Duk wanda ya kama gida mai murhun ɗumama ɗaki a karkarar Ayalan, kafin sanyi ya kankama sai wani maƙwabci ya ce masa ya nemi taf. Taf dai baƙar ƙasar fadama ce, ragowar gansakuka da ciyayin da suka mutu cikin ruwa ba su gama ruɓewa ba. Ana yanko ta kamar tubali, a shanya, a ƙona. Hayaƙinta na da ƙamshi, wannan ban musa ba, amma ba zan ce ka sa kuɗinka a kanta ba.

Zafinta bai kai yawan tokarta ba, kullum kana cikin kwasa. Sannan fadamar da ake yanko ta milimita 1 kacal take ƙaruwa a shekara, wato tubalin da wuta za ta cinye kafin ka gama shan shayi ya girmi kakanka. Irin waɗannan fadamu kusan kashi 3 cikin 100 ne na doron ƙasa, amma kabon da suka danne ya fi na dazuzzukan duniya gaba ɗaya. Da zarar an yashe ruwan don a samu yanka, ƙasar za ta fara sakin iskar kabon ɗin tun ba a kai ta murhu ba, in kuma aka ƙona, a kan zafi iri ɗaya ta fi kwal fitarwa. Bord na Móna, kamfanin da gwamnati ta kafa a 1946 don wannan haƙa, da kansa ya daina a 2021, masana'antarsa ta curin taf da ke Derrinlough kuma ta rufe a 2023. Tun 31 ga Oktoba 2022 doka ta hana sayar da taf a shago ko ta intanet. Mai haƙƙin yanka a fadama zai iya yanka wa gidansa, amma tallan da kake gani a Facebook ya saɓa doka.

Kwal mai hayaƙi an hana shi a faɗin ƙasar. Marar hayaƙin yana kwana da wuta, sai dai murhun da aka ƙera don itace zalla ba ya ɗaukarsa. Ƙwayoyin dusar katako kuwa sai ka sayi murhunsu na daban, mai haya ya manta da su.

Ni itace mai tauri da aka busar a tanda nake saya, musamman na bishiyar da ake kira ash da Turanci. Yana kamawa da wuri, harshensa tas, gilashin murhu ba ya baƙi, tokar mako guda ba ta cika ƙaramin bokiti ba. Buhunsa ya fi tsada, gaskiya ne, amma abin da ka biya itace ne. Ɗanyen da aka sare jiya kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wutar sai ta gama dafa ruwan nan kafin ta tuna da kai. Itacen da aka sare kuma ana iya dasa wani ya girma cikin shekaru gommai, fadama sai dubbai.

Matsalar ita ce kowa cewa yake nasa busasshe ne. Hunturuna na farko wani ya sauke min tirela guda a ƙofar gida. Na sama fes, har da tsaga a bakinsu. Bayan kwana uku na isa na ƙasa: ka sa a wuta yana ta tsuwwa, kumfa na fita ta gefe, ɗaki ya turnuƙe, yara na tari. Da mai sharar bututun hayaƙi ya zo, kwaltar da ya kankaro ya nuna min a tafin hannu, ya ce irinta ce ke kama gobara. Mai tirela kuwa bai sake ɗaga wayata ba.

Don haka kada ka yarda da "tirela" ko "babban buhu" a matsayin awo, ka ce a faɗa maka kubik mita nawa ne, kuma a zube ko a jere, domin zubabbe iska ta yi masa yawa. Ka tona ƙasan buhu, nan ake cusa itace mai laushi a caje ka kuɗin mai tauri. Buhun leda mai gumi a ciki, bar musu kayansu. Dokar 2022 ta ce itacen da bai kai kubik mita 2 ba danshinsa kada ya wuce kashi 25, da nufin sauka zuwa 20, kuma a buhun ya kamata ka ga rubutun cewa ya cika ƙa'idar dokar gurɓatar iska. Alamar WFQA, wato shaidar ingancin itacen wuta, ma tana taimakawa.

Rubutun buhu dai ba ya hana ni gwadawa. Ina da 'yar na'urar awon danshi mai tsinke biyu. Kafin direba ya sauke kaya nakan zaro gungume daga tsakiya, in faskara shi, in soka tsinken a sabon tsagin, ba a bayansa da iska ta busar ba. In lambar ta haura 20, a motar zai koma.