Yaya ga labarin Singafo da kuke ta tambayata

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kun tashi lafiya, ya Inna da ƙafar tata? Na ga saƙonka kana cewa kullum sai dai in ce lafiya lau ban taɓa zama na ba ku labarin garin nan ba, to yau Asabar ba aiki bari in zauna.

Abu na farko da zaka sa a ranka shine ƙasar nan gari ɗaya ce tak, tsibiri ne a ƙarshen Malesiya ta kudu, daga wannan bakin zuwa wancan bai wuce kilomita 50 ba, kamar ka tashi daga Kano ka wuce Wudil kaɗan shikenan ka ƙure ƙasa, kuma mutum wajen miliyan 6 ne a ciki. Da na fahimci wannan sai na gane farashin komai. Duk abinda ake yi wa jama'a a dunƙule da sauƙi, duk abinda zai ci fili kuwa sai ka ji a jikinka.

Ruwa dai tunda na zo famfo bai taɓa ƙafewa ba kuma daga famfon ake sha, ba 'yan garuwa ba fiya wata, alhali fa ba su da wani babban kogi, wani kaso na ruwan ma daga Johor ta Malesiya ake jawo shi a bututu bisa yarjejeniyar 1962 da zata ƙare a 2061, sauran kuma na sama suke tarewa, su tace na teku, har wanda aka yi amfani da shi ake sake tacewa suna ce masa NEWater. Wallahi ranar da aka min wannan bayanin Tiga na tuna da yawan ruwan da Allah ya bamu, raina ya ɓaci sosai. Wuta ma haka, ban ji ƙarar janareto ba ko sau ɗaya, amma bil ɗin yana zuwa da nauyi saboda zafin nan ba irin namu bane, gumi ne dare da rana shekara gaba ɗaya, ba hunturu ba sanyi, dole ka kunna AC in kana so ka yi barci.

Ɗaki shine abinda ke cinye albashina. Ɗaya nake haya a gidan wasu tsofaffi a hawa na 11, banɗaki da kicin na tarayya, kuɗin wata guda zai kama maka gida sukutum na shekara a Hotoro. 'Yan ƙasa su da sauƙi, kusan kashi 80 cikin 100 a benayen gwamnati na HDB suke zaune, suna saya na shekara 99 ana cira daga asusun ajiyarsu na aiki, mu baƙi ba a sayar mana. Mota kuwa na cire rai, kafin ka sayi motar sai ka sayi takardar izinin mallaka ta shekara 10 kacal, kuma ita kanta takardar a 'yan shekarun nan tana haura dala 100,000 tasu. Amma ban rasa komai ba, jirgin ƙasa na MRT da bas duk da kati ɗaya, minti kaɗan wani ya zo, ba ciniki da mai adaidaita ba neman canji.

Abinci abin mamaki ne, sama da kashi 90 na abinda suke ci daga waje yake zuwa, a 2022 da Malesiya ta hana fitar da kaji sai da ɗanyar kaza tai wuya a nan. Duk da haka in ka shiga rumfunan masu abinci da gwamnati ta gina a unguwanni, da dala 5 ko 6 zaka ci shinkafa da kaza ka ƙoshi, sau da yawa ya fi min araha akan in dafa. Ina duba tambarin halal na hukumar Musulunci ta MUIS, Musulmi kusan kashi 15 ne yawancinsu Malay, kuma ran Juma'a in na samu sarari Masallacin Sultan nake zuwa a Kampong Glam, ina fitowa in ci murtabak, wani soyayyen burodi ne mai nama a ciki, a tsallaken titi. Nama dai ba ya kamar namu Yaya, na firiza ne ya sha hanya daga Ostareliya ko Brazil, ba wannan ɗanɗanon na ragon da aka yanka da safe. Kuɓewa da tsamiya da garin gero ina samu wajen Indiyawa a Little India, can ne ma babban kantin Mustafa Centre yake inda nake ganin wayoyi da turare da agogo, sai dai kar ku sa rai da araha, akwai haraji kashi 9 akan kusan komai, atamfa da shadda kuwa Kwari ta fi su nesa ba kusa ba.

Tsohon da nake gidansu yana yaro lokacin da suka rabu da Malesiya ranar 9 ga Agusta 1965, yace ba su suka so ba kuma Firaministansu na lokacin Lee Kuan Yew har hawaye yayi a talabijin, a unguwar katako suka taso ana kwashe bahaya da bokiti. Ba su da ɗigon fetur a ƙasa amma suna da matatu a tsibirin Jurong, in ka tsaya bakin teku jiragen ruwa ne jere har inda ido ya tsaya, tashar nan ce arzikinsu tun zuwan Turawan Ingila a 1819. Ƙasar ma cike teku suke da yashi suna ƙara ta.

Wanda ya fi tsaya min a rai shine kabari. A maƙabartar Choa Chu Kang shekara 15 ake ba mamaci, bayan nan a tono, Musulmi a sake binne ƙasusuwan mutane da yawa wuri guda saboda rashin fili. Na kwana ina tunanin Baba da yadda muke zuwa kansa duk Sallah. In ta Allah ta kasance a kaina anan Yaya ku yi ƙoƙari a maido ni gida.

Wanda zai taho watan gobe a ba shi kuka da daddawa da yaji, daddawar a ɗaure ta sosai a leda biyu. Kilishi kar a sa ko kaɗan, ba a shigo da nama daga wajenmu, kuma kar ya karɓi saƙon kowa da bai buɗe ya gani da idonsa ba, maganar ƙwaya anan hukuncin kisa ne. A gaida Inna da Anti da yara, zan kira gobe bayan la'asar ɗinku.