Sharhi kan Shirin Horar da 'Yan Kasuwa na Gidauniyar Tony Elumelu

Tun shekarar 2015 Gidauniyar Tony Elumelu, wani attajirin ɗan kasuwa ɗan Najeriya, ke zaɓar masu ƙananan sana'o'i daga ƙasashen Afirka, tana horar da su ta intanet, sannan ta ba waɗanda suka cancanta jarin dala 5,000 wanda ba bashi ba ne. A ganina horon ya fi kuɗin amfani, domin yana tilasta wa mutum ya rubuta tsarin kasuwancinsa, ya bambance uwar kuɗi da riba, ya kuma daina ɗibar kuɗin cefane daga cinikin shago. Sai dai ana gudanar da shirin ne da Turanci, Faransanci, Larabci da harshen Fotugal, don haka mai sayar da atamfa a Kantin Kwari wanda Hausa kaɗai yake ji sai ya nemi mai fassara masa, ga kuma tsadar data.