Shagon da ya iya hoton ɗinki amma bai san halin yadi ba

Wata bakwai na shafe ina ɗinka wani aiki na ratayawa a bango, mai tsawon santimita 110 da faɗin santimita 70, wanda na yi da zaren tsamiya a kan farar saƙar hannu, kuma tun aikin bai kai rabi ba na ƙudurta cewa zan aika shi wani baje kolin fasahar ɗinki a Amurka, irin wanda alƙalai ke tantance ayyuka kafin a yi yawo da su gari-gari. Bayanina a nan ya shafi wani shagon ɗaukar hoto da haɗa firam ne a cikin garin Katsina, wanda na danƙa wa shirya aikin tun daga hoto har zuwa ɗauri. Ba zan kama sunan shagon ba, domin yabon da zan yi masa a haɗe yake da ƙorafi, mai shi kuma dattijo ne da muke gaisawa.

Wanda bai san yadda ake gudanar da irin wannan baje koli ba zai ga kamar na cika tsanani. A zagayen tantancewa alƙalai ba sa taɓa yadin, ba sa ma ganinsa. Hotuna ake nuna masu a allon kwamfuta, galibi guda biyu, ɗaya na aikin gaba ɗayansa, ɗaya kuma na wani yanki da aka kusanto, kuma akan ɓoye masu sunan mai ɗinkin. Tsarin ya daɗe a can, domin baje kolin Quilt National, alal misali, tun 1979 ake yin sa duk bayan shekara biyu a garin Athens na jihar Ohio, sannan a zagaya da ayyukan da aka zaɓa. A wanda na shiga, kuɗin rajista ba a mayarwa ko an zaɓe ka ko ba a zaɓe ka ba, dole zayyanar ta zama taka ce ba kwaikwayo ba, kuma aikin da ya tsallake zai bar hannun mai shi har tsawon shekara biyu, ana rataye shi ana saukewa ana naɗewa a hannun mutanen da ba su san wahalar da aka sha a kansa ba. Ke nan wahalar wata bakwai a kan hoto biyu take rataye, lafiyar aikin kuma a kan yadda aka ɗaure shi.

Zayyanar da na yi daga babbar riga na tsamo ta. Na ɗauki aska takwas da tambari da dagi, waɗanda na tashi ina gani a ƙirjin rigunan mahaifina ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro, na warware su daga mazauninsu na aljihu da wuya, na sa askakan suka kewaye tambarin kamar yadda ganuwa ta kewaye birni. Ɗinkinmu ba baƙo ba ne a ƙasashen waje, don tun 1976 David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan. Sai dai mafi yawan rigunan da ke ajiye a gidajen tarihin Turai ba a san wanda ya ɗinka su ba, ni kuwa ina so a rataye nawa da sunana a gefensa. Matsalar ita ce zaren tsamiya launinsa kamar na ƙasa mai haske yake, kuma idan aka ɗora shi a kan farin yadi, ido ne kaɗai da yatsa ke rarrabe tudun ɗinkin da kwarinsa.

A nan ne shagon ya burge ni ƙwarai. Kafin in je wurinsu na kai aikin ga wani mai ɗaukar hoton biki, wanda ya haska shi ta gaba, hoton ya fito fayau kamar zanen gado da shayi ya zuba a kai. Mai wannan shago kuwa sai da ya shimfiɗa aikin ya duƙa yana kallonsa ta gefe na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Hajiya, wannan ɗinkin ba ya son haske ta fuska, inuwarsa za mu nema." Ya rufe ƙofa, ya kashe ƙwan sama, ya rataye aikin a jikin allo mai ruwan toka, ya kafa kyamara a kan ƙafafunta daidai tsakiyar yadin domin kada gefunan su karkace, ya sa fitila biyu dama da hagu. Da aka zo hoton kusa sai ya kashe ɗaya, ya sunkuyar da ɗayar har haskenta ya riƙa shafar fuskar yadin, nan take dubban ƙananan hujin da na zagaye bakinsu da zare suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da 'yar inuwarsa. Ni da na ɗinka su ban taɓa ganinsu haka ba.

Wani abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne ƙin biye mini da ya yi. Na roƙe shi ya ɗan ƙara wa launin zaren ƙarfi a kwamfuta domin ya fi ɗaukar ido, sai ya ce a'a, abin da kyamara ta gani shi zai ba ni. Daga baya na karanta a cikin sharuɗɗan cewa masu shirya baje kolin suna da ikon mayar da duk aikin da ya iso ya saɓa da hotonsa. Ya ba ni hotunan kashi biyu, manya na ajiya da kuma waɗanda ya rage masu nauyi daidai ƙa'idar da aka gindaya, bai kuma buga tambarin shagonsa a jikinsu ba, abin da masu hoton garin nan ba sa iya daurewa su bari.

Cike fom ta intanet bai ɗauki lokaci ba, yaron shagon ya taya ni. Bayanin aikin da ya rubuta mini da Turanci ne na ƙi karɓa, domin ya cika kalmomi 100 da aka ƙayyade da kirari, bai faɗi irin zaren ba balle ma'anar askakan. Sai da na zauna da 'yata muka sake shi.

Bayan wata biyu saƙo ya iso cewa an zaɓi aikin, na koma shagon da farin ciki domin a shirya shi, kuma daga nan ne lamarin ya sauya. Na bar shi a hannunsu na je sallar azahar, ina dawowa na tarar yaron ya yanko falanki da gilashi, ya buɗe gwangwanin gam, dutsen guga kuma yana jone. Da na daka masa tsawa sai ya ce, "Mama, ai haka muke yi wa hotunan Makka da takardun shaida, kuma ba wanda ya taɓa kuka." Gaskiyarsa ce a kan takarda, amma yadi daban yake. Gam yana ratsa zare ya bar tabon da ba ya fita, ɗanyen katako yana mayar da farin yadi ruwan ɗorawa idan suka daɗe a manne, ƙusa tana tsatsa, gilashi kuwa sharuɗɗan sun hana shi ƙarara saboda nauyi da haɗarin fashewa a hanya. Abin da aka buƙata shi ne a ɗinka wani dogon aljihu mai faɗin inci 4, wato kimanin santimita 10, a bayan aikin ta sama, da hannu, ba tare da allura ta ɓullo ta gaba ba, domin a zura sandar ratayawa. Babu wanda ya taɓa jin wannan a shagon, ni na ɗinka abina a gida. Gam bai taɓa yadin ba, Allah Ya kiyaye, amma guga ta riga ta sauka a kusurwar ƙasa ta hagu, ta danne ɗinkin kamar faɗin tafin hannu. Na kife aikin a kan tawul na turara wurin ta baya, ya ɗan tashi, sai dai har yanzu idona yana gane shi. Mai shagon ya ba ni haƙuri ba tare da kame-kame ba, ya kuma yafe kuɗin wannan ɓangaren tun ban tambaya ba.

Wajen ɗauri ma da farko niyyarsu a ninke shi huɗu a sa a kwali, alhali ninki yana karya zare a kan layi ɗaya. Takardar naɗi marar sinadarin asid, wadda gidajen tarihi ke amfani da ita, babu ita a shagon, ban kuma same ta a Babbar Kasuwa ba, saboda haka na wanke akoko sau uku har sitacinsa ya fita, muka naɗe aikin a jikin bututu, fuskar ɗinkin tana waje domin kada ta tattare. Dabarar zura naɗin cikin babban bututun roba na masu aikin famfo, mai murfi a kowane baki, ta mai shagon ce, kuma ta yi daidai da sharaɗin cewa mazubin ya zama wanda za a iya buɗewa a rufe sau da yawa. Laifi ɗaya nawa ne: aikin ya sha turaren wuta a ɗakina, sharuɗɗan kuma ba su yarda da ƙamshi ko warin hayaƙi ba, don haka sai da na shanya shi a inuwa mako guda, ina fama da ƙurar hunturu. Batun takardu ma ba su da masaniya. Doka ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan ba da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ba, kuma saƙar hannu tana iya yi wa jami'in kwastan kama da tsohon kaya, shi ya sa na je gidan tarihi da ke ginin tsohuwar Kwalejin Katsina na nemi bayani da kaina kafin in aika.

Kuɗin hoton ya ninka na mai hoton biki kusan sau uku, kuma ban yi da-na-sanin ko kwabo a ciki ba, domin na tabbata hoton kusan nan ne ya tsayar da idon alƙalai. Duk mai ɗinkin hula ko riga ko kayan ado da ke son a ga aikinsa daga nesa, ina ba shi shawarar ya je a ɗaukar masa hoto a wannan shago, amma ya tsaya a kan kayansa har a gama, ya kuma tafi da su gida ya yi sauran shirin da hannunsa. Na riga na fara aiki na biyu a kan saƙi, kuma mun yi da mai shagon cewa zan kawo shi bayan Babbar Sallah, da sharaɗin a ɗauke dutsen guga daga kan teburin kafin in shigo.