Enderal: gem ɗin kyauta da ya sa na jingine Skyrim

Shekara biyu ke nan Skyrim, gem ɗin kwamfuta na yaƙin takobi, tsafi da dodanni, yana kan laftof ɗina, amma rabin wannan lokacin ba wasa na yi ba, ɗinkin mod na yi ta yi. Ga wanda bai sani ba, mod shi ne gyara ko ƙarin da 'yan wasa suke ƙerawa da hannunsu su liƙa wa gem. Wani ya sake fuskokin mutanen gari, wani ya ƙara takubba, wani ya zauna yana toshe ƙananan kurakurai ɗaya bayan ɗaya. Skyrim ya fito a Nuwamba 2011, Bethesda, kamfanin da ya yi shi, ta saki kayan aikinta na ƙera mod mai suna Creation Kit a farkon 2012, daga nan abin ya zama kasuwa guda, babbar rumfarta kuma ita ce shafin intanet na Nexus Mods. Ni kwaɗayi ne ya ja ni. Na loda mod sun haura tamanin, ko rabin bayaninsu ban karanta ba, na wayi gari gem ya ƙi tashi. Ba wanda zan ɗora wa laifi sai kaina.

Ina cikin wannan haushi wani abokina ya ce in bar wahalar da kaina, in sauke Enderal. Shi ba ƙari ba ne a kan Skyrim. Injin Skyrim kawai aka ara, aka kwashe duk abin da ke ciki, aka gina wata ƙasa daban da garuruwanta, mutanenta, addininta da labarinta. Wata ƙungiyar 'yan sa-kai daga Jamus mai suna SureAI ce ta yi shi. Ya fara fita a 2016, sai aka faɗaɗa shi aka sa shi a Steam, kasuwar gem ta intanet, a Fabrairu 2019 da sunan Forgotten Stories. Ba a biyan ko sisi, sharaɗin kawai ka mallaki Skyrim. Yana da shafinsa na kansa, yana zama a wurinsa daban, ba ya taɓa tsohon wasanka. A lura dai kala biyu ne: akwai na Skyrim na asali, akwai kuma wanda ya zo a 2021 don Skyrim Special Edition. Duba wanda ka mallaka kafin ka ƙona data, domin fayil ɗin ba ƙarami ba ne. Ni sai da na raba dare biyu kafin ya gama sauka.

Awannin farko sun ba ni kashi. Na shigo da girman kan wanda ya saba kashe dodanni a Skyrim, sai ga kyarketai a bayan ƙauyen Riverville suna mayar da ni inda na adana wasa. A nan abokan gaba ba sa girma tare da kai. Kowane yanki da ƙarfinsa, in ka kutsa inda ya fi ka, za ka ji a jikinka. Kuma ba yawan sara da takobi ke sa ka ƙware ba. Sai ka tara maki, ka je ka sayi littattafan koyo da kuɗinka, su kuma tsadarsu ƙaruwa take yi. Sai na tsinci kaina ina lissafi irin na magidanci a ƙarshen wata: sulke zan saya ko littafi?

Abin da ya fi burge ni shi ne zazzaɓin tsafi. Duk sanda ka sha maganin warkarwa ko ka yi tsafin warkar da kanka, wani zazzaɓi yana hawa a jikinka, in ya cika ka mutu. Maganinsa wani abu ne da ake kira Ambrosia, shi ma ba a samunsa a banza. Wato babu zancen tsayar da faɗa ka kwankwaɗi kwalba goma ka ci gaba. Dabara ce ƙarama, amma ta sa kowane kogo ya zama abin shawara kafin a shiga. Haka tafiya: ba ka danna taswira ka ɓulla inda kake so. Ko dai ka hau Myrad, wata ƙatuwar dabba mai fukafukai da ake biya kamar motar haya, ko ka yi amfani da takardar tsafi, ko ka taka sayyadarka.

Labarin kuwa shi ne ƙashin bayan komai, kuma ba zan ɓata wa kowa shi ba. Wata cuta ce ta hauka take bazuwa, manyan birnin Ark suna neman tare wata halaka da ta sha shafe al'ummomin da suka gabata. Birnin kansa darasi ne: masu hali a sama kusa da haikali, talakawa a rami ƙarƙashin ƙasa. Jespar da Calia, abokan tafiyarka, suna musu da kai, suna da raunukansu, ba 'yan dako ba ne masu bin ka da kaya. An ɗauki muryoyinsu da Jamusanci da Turanci, kuma in ba a gaya maka ba, ba za ka ce aikin sa-kai ba ne.

Inda ban gamsu ba: surutu ya yi yawa a wasu wurare. Akwai zaman da za ka ajiye linzami ka sha shayi ana ta falsafa, kuma in Turancinka bai nuna ba, za ka sha wuya. Duhun labarin ma ba na kowa ba ne. Tun mafarkin farko na gane ba gem ɗin da zan kunna gaban ƙannena ba ne. Laftof ɗina kuma tsoho ne, a tsakiyar Ark sai ya riƙa numfashi sama-sama, dole na rage kyan hoto.

Sau ɗaya wani aiki na cikin gem ɗin ya maƙale mini. Da na bincika, na tarar wasu sun riga ni cin karo da shi shekaru da suka wuce, wani kuma ya rubuta mafita dalla-dalla, ba don a biya shi ba. Wannan ya tuna mini da rigimar Afrilu 2015, lokacin da Valve, kamfanin da ke da Steam, da Bethesda suka gwada sayar da mod a Steam, mai ƙerawa yana samun kashi 25 cikin ɗari. Jama'a suka yi ca, cikin 'yan kwanaki aka janye. A da ina ganin sayar da mod kwaɗayin kuɗi ne kawai. Bayan awa sittin a Enderal, ra'ayina ya rabu biyu, domin waɗannan mutane sun cancanci a biya su fiye da gem da yawa da na saya.

Yanzu Nehrim nake hari, wanda SureAI ta gina a kan Oblivion, yayan Skyrim, a 2010. Shi muryoyinsa da Jamusanci ne, sai dai in bi rubutun ƙasa. Ina jiran Oblivion ya faɗo a rangwame.